Sanarwar hukumar ilimi ta riƙa isowa ƙofar makaranta

Jiya da daddare wani maƙwabcina ya turo sanarwar hukumar ilimi a zauren WhatsApp na unguwarmu. An ɗauki sababbin malamai, an yi wa wasu sauyin wurin aiki, an ɓullo da sabon shirin koyar da karatu, an sa hannu a yarjejeniya da abokan hulɗa. Na karanta har ƙasa, kuma wallahi na ji daɗi, don duk mai ɗa a makarantar gwamnati yana son jin irin wannan labari. Amma da na ajiye wayar, tambaya ɗaya ta hana ni sakat: cikin malaman nan, wa zai shiga ajin 'yata?

Ga dalilina. 'Yata tana aji uku a wata firamare a cikin birnin Zariya. Bara ta samu malama mai haƙuri, wadda a hannunta yarinyar ta fara haɗa baƙi da wasali, har takan tsaya a bakin shago tana karanta rubutun jikin gwangwanin madara. Ana tsakiyar zango na biyu, sai ta dawo wata rana ta ce, "Baba, yau ma ba a yi mana komai ba, an haɗa mu da 'yan aji huɗu." Na karɓi littafinta na buɗe. Kwanan watan ƙarshe da aka rubuta a saman shafi ya haura mako uku, sauran shafukan fari fat. Washegari na sammaka wurin hedimasta. Bawan Allah ya jawo durowa, ya miƙo mini takardar sauyin wurin aikin malamar, ya ce, "Malam, ni ma da safe ta riske ni, kuma ba a turo madadinta ba." Ban ga laifinsa ba, ban ga na malamar ba. Abin da ya ci mini rai shi ne, iyayen yaran ajin nan kaf ba wanda ya sani, sai wanda Allah ya sa ya duba littafin ɗansa.

Mu a jihar Kaduna mun saba jin manyan alƙaluma a kan malamai. A 2017 an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, gwamnati ta ce za ta ɗauki 25,000. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Ban zo tada waccan muhawara ba, kowa yana da ra'ayinsa, kuma akwai gidajen da har yau ba su farfaɗo ba. Abin da nake nufi, lissafin jiha ne mai ƙananan hukumomi 23. Bai gaya wa uba a Dambo ko Wuciciri ko makarantar ƙauyensu ta samu ko da malamin lissafi ɗaya ba. Kowa ya san malamai sun fi son Tudun Wada da Kwarbai, inda abin hawa ke da sauƙi, a kan wurin da sai an hau acaɓa an ratsa gonaki, ga damina. To in an ce an ɗauki dubu kaza, ina aka kai su, kuma nawa suka tsaya a inda aka kai su?

Haka batun shirye-shirye. Da aka fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairun 2016, azuzuwa sun cika maƙil, yara da 'yan kwanoninsu. Abinci ya jawo su, amma allo da benci da malami ba su ƙaru daidai da su ba.

Abokan hulɗa kuwa, ba na raina su ko kaɗan. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyi daga 2008 shi ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu na al'umma, SBMC, a jihar nan, kuma ni kaina a irin wannan kwamiti nake zaune yau. Akwai AGILE na Bankin Duniya da ke taimakon karatun 'yan mata. Sai dai kowane shiri yana da ranar nade tabarmarsa. A faɗa mana ranar tun daga farko, a faɗa mana wa zai ci gaba da sayen alli da littattafai bayan baƙin sun tafi. Sannan ina mamakin yadda ake hangen nesa alhali abokin hulɗa yana bayan gida. Zariya ce fa! Ga Jami'ar Ahmadu Bello da tsangayarta ta ilimi, ga makarantar horon malamai ta tarayya a Gyallesu, duk shekara ɗalibansu na fita koyon aikin koyarwa. Da za a zauna da su a tsara turawar nan bisa giɓin kowace makaranta, da ajin 'yata bai yi mako uku ba kowa a gaban allo ba.

Roƙona bai da tsada. Tunda SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, na da ofishin sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma, har da Zariya da Sabon Gari, a farkon kowane zango a fitar wa kowace makaranta takarda ɗaya tak, da Hausa, a manna a ƙofa: malamai nawa ne, wa ya zo, wa ya tafi, wane aji ne ba shi da malami, wane shiri ke gudana, nawa aka turo don gyara. In da hali a yi ta da ajami ma, don dattawan birni da yawa sun fi sakewa da shi. A ba mai unguwa kwafin takardar, a ba liman ya karanta bayan sallah. Iyaye mata, waɗanda su ke wanke yunifom su kuma fara lura in yaro ya daina ɗauko aikin gida, a karanta musu a taron iyaye da malamai.

Ranar Asabar kwamitinmu zai zauna, kuma in Allah ya kai mu zan kawo maganar nan, mu fara manna tamu takardar ko da da biro ne muka rubuta. Iyayen da ke karanta wannan, don Allah yau in an idar da sallar isha'i ku karɓi littafin yaranku, ku duba kwanan watan shafin ƙarshe, ku faɗa mini abin da kuka gani.