Ɗan kilif ɗin roba ne ya ba ni kunya a garejin Jamus

Wallahi har yau abin na ci na a rai. Ranar Asabar na kai motata wani garejin haya a nan Jamus, irin wanda za su ba ka wuri da kayan aiki kai ka yi gyaranka da hannunka, ƙasa a goge tas babu ɗigon baƙin mai, kowane sifana an zana siffarsa a bango inda ake rataye shi, ga fitila har ƙarƙashin mota. Robar nan da ke saman tayar gaba nake so in cire. Na ɗauko sukundireba na cusa ƙarƙashin kilif, ɗan maɓallin roban da ke riƙe ta a jikin mota, na banƙara yadda muka saba, sai ji na yi ƙas, kan ya guntule, robar ta tsage kusan tsawon yatsa.

Dattijon da ke kula da wurin ya zo ya tsaya, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi wa ya koya maka haka. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ashe kilif ɗin nan kashi biyu ne, akwai tsinke a tsakiya, shi yake buɗe ƙafafun jikin a cikin rami, in ka zaro tsinken ƙafafun sai su tsuke ya fito salin alin. Wasu ma ba zarowa ake ba, dannawa ake ciki kaɗan har ka ji ya yi ƙara, wasu kuma kwancewa ake da sukundireba mai baki huɗu. Ya ba ni wani ɗan abu na roba mai baki a rabe biyu da ke rungumar wuyan kilif ta kowane gefe, kuma da yake lokacin sanyi ne sai da ya hura wa wurin iska mai ɗumi da abin busar da gashi, don roba in ta sha sanyi karyewa take ba ta lanƙwasa.

Yadda ya cire ribit na alminiyam, ƙusar nan da ake matsewa ta haɗe abu biyu ba ta kwancewa, shi ya fi ba ni mamaki. Ya manna tef kewaye da shi, ya fara tura guntun ƙarfen da ke tsakiya ciki, sannan ya zaɓi bakin dirili daidai kaurinsa, wannan milimita 4.8 ne, ƙananan 3.2, ya huda a hankali har kan ya fita kamar zobe, ya tsaya. Ya ce in ka ba dirili wuta ribit ɗin zai soma juyawa tare da shi, ya yi zafi, ya narka robar, ramin ya buɗe, sabo ba zai ƙara kamawa ba. Da ɗaya ya fara juyawa sai ya riƙe shi da filaya ta baya.

Mu kuwa a gida kun sani, guduma da kurfi, in ya fashe a ɗaure da waya. Na yarda rana ta riga ta dafa robobinmu sun bushe, kuma kayan aikin ba kowa ke da su ba. Amma gaskiya sun fi mu a nan, minti biyu na duba kilif kafin a taɓa shi ai ba saya ake ba, mu dai a yi a gama mai mota na jira.

Sai dai fa da na tambaye shi robar da ta tsage, cewa ya yi in jefar in sayi sabuwa. In jefar! Tsagar da Yayana zai ɗinke da ƙarfe mai zafi yana hira ko kallon aikin ba ya yi. Na naɗe abata na taho gida, da daddare na kira shi ta bidiyo na nuna masa, ya yi ta min dariya wai Turai ta kashe min hannu, ya ce ƙanena fara ta ciki, ka narkar da guntun irin robar ka cike. Mun fi awa muna magana, ɗinkin bai kai minti goma ba.