Na Ba Da Kafin Alƙalami, Na Dawo Da Wulaƙanci

Makonni uku wani babban shagon waya a nan Kano ya ɗauka yana cika mana kunne da talla cewa sabuwar waya za ta fito ranar Asabar, kuma duk wanda ya ba da kafin alƙalami shi ne zai fara riƙe ta. Da yake tawa ta shekara biyar a hannuna, har ta kai sai an ɗaure mata caja da roba take ɗaukar wuta, sai na kai musu naira dubu 100 na karɓi rasit.

Tun ƙarfe takwas muke layi a rana, babu rumfa, babu benci, babu wanda ya raba mana lamba, kuma ba a buɗe ƙofa ba sai wajen sha ɗaya. Muna tsaye muna kallo masu motoci masu baƙin gilashi suna shigewa mai gadi yana sara musu, 'yan sari kuma suna fitowa ta ƙofar baya da kwalaye a hammata.

Bayan azahar na samu isa gaban kanta, inda na tarar da wani saurayi da bai kai ɗana na fari ba yana latsa wayarsa. Na yi sallama sau biyu kafin ya ɗago. Ya ce, "Baba, mene ne?" Na miƙa masa rasit, ya karɓa da yatsu biyu kamar na tsinto shi a kwata, ya ce, "Ta ƙare." Na ce, "Yarona, yaya za ta ƙare alhali sunana yana cikin littafinku tun makonni uku?" Sai ya dube ni daga hula har takalmi, a hankali, kamar mai taya akuya a kasuwa, sannan ya ce, "Baba, ka ma san nawa ta koma yau? Dala ta motsa. Akwai 'yan hannu a can baya daidai ƙarfinka." Ashe shagon har da na'urar auna ƙarfin aljihu ta hanyar duba takalmi yake da ita, abin da ba su faɗa mana a tallar ba! Na danne zuciyata na ce a mayar mini da kuɗina. Ya ce manaja ya fita, in dawo Litinin, ya koma kan wayarsa tun ban rufe baki ba.

Ƙaramin mai teburi a kasuwar waya ta Farm Centre, wanda jarinsa bai kai kuɗin fitilun wannan shago ba, zai jawo maka benci, ya saya maka ruwan leda, ya ɓare kwalin a gabanka. Me zai ci wa mai gilasai da na'urar sanyaya ɗaki ya kafa rumfa, ya ware layin waɗanda suka riga suka biya, ya rubuta a allo adadin wayoyin da suka rage?

Yaron ma ba shi ya fi ba ni haushi ba, domin a sama ya gani. Tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kowane ɗan kasuwa ya samu bakin cewa "dala ta motsa" ko da kayan sun kwana wata a sito. Muna biyan harajin kashi 7.5 a kan kaya, an amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mafi ƙarancin albashi kuwa naira dubu 70 ne, wato bai kai kafin alƙalamina ba. An ce akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, amma ban ga inuwarta a bakin wannan kanta ba. Gwamnatin da ta horar da mu a layin NIN da layin banki lokacin canjin kuɗi ita ta koya wa 'yan kasuwa cewa talaka zai shanye komai. Mu ma mun ba da ƙofa, domin cikin mutane fiye da hamsin da ke bayana babu wanda ya ce uffan, sai wani dattijo da ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri in matsa, layi yana tafiya.

Na koma ranar Litinin, aka ce manaja ya tafi Legas ɗauko kaya. Rasit ɗin yana aljihuna har yanzu.