Ledar da muke karɓa kyauta, akuya ke biyan kuɗinta

Ku tambayi kowane mahauci a garin nan abin da yake tararwa in ya farke tumbin akuya ko na rago. Dunƙulen baƙar leda, ta cure da tsumma da igiya. Dabba na ta ramewa, mai ita na ta sayen dusa da magani, alhali cikin ne ba wurin abinci. Jar akuyar Maradi da aka san mu da ita har ƙasashen waje saboda kyan fatarta, wadda mace ke ajiyewa don ranar buƙata, yau a kan juji take kiwo.

Za a ce laifin hukuma ne. Akwai nata, ban musa ba. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙera leda marar kauri da shigo da ita da sayar da ita. Ruwanda ta yi tata a 2008, Kenya a 2017, can kuma an tsaya a kai. Mu tamu tana cikin takarda.

Amma ba hukuma ke ɗaukar cefanenmu ba. Je babbar kasuwa ka tsaya ka gani. Tumatir leda, tattasai leda, albasa leda, sannan a zuba su duka cikin wata babba. In mai tebur ya manta, mu ne masu tsuke fuska: "Malam, ba leda?" Har koko da zafinsa a leda ake ƙulla wa yara. Kafin azahar duk an yar. Damina na sauka magudanai su toshe, ruwa ya kwanta a lungu, sauro ya samu gida. Mai son tsabta kuma ya tara ya cinna wuta, unguwa ta kwana shaƙar hayaƙi.

Iyayenmu da kwando suke zuwa kasuwa, fura a ƙwarya, man gyaɗa a kwalbar da ke komawa wurin mai mai in ta ƙare. Masu saƙar kaba ba su mutu ba, ciniki ne ya ja baya. Kwando guda zai yi maka watanni, kuɗin kuma hannun ɗan gari ya shiga.

Kada wani ya ce mutanenmu ba su canza hali. A nan yankin Maradi sassabin zamani ya fara, wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, da manoma suka koma barin tohon kututture ya girma maimakon a sare. An yi wa na farko dariya, ana cewa gonarsu ba ta da tsabta. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin ƙasar nan. Manomi ya ga gero ya fi kyau a gindin gawo, maƙwabci ya kwaikwaya.

Ledar ruwan sha, wato piya wata, ita ce mai wuya, don da zafin Afrilu ba wanda zai ce wa ɗan kabu-kabu ya haƙura da ƙishirwa. A kalla ledar ta shiga aljihu har a kai inda ake tara shara. Sauran kuwa masu sauƙi ne: Hajiya in za ki aiki yaro sayen waina ko ƙosai, ba shi kwano mai murfi. Kai ma mai tebur, da kuɗinka kake sayen bandir ɗin ledar nan, tambayi mai saye ko ya zo da abin zubawa kafin ka zaro.