Kafin ka karɓi makullin babur ɗin nan

Ƙannena samarin Katsina, musamman ku da kuka samu babur kwanan nan, ko na kabu-kabu ne ko wanda Baba ya saya don zuwa makaranta, da ku nake. Yadda yawancinmu muka koyi babur ba ɓoyayyen abu ba ne. Yaya ko aboki ya kai ka filin ƙwallo bayan la'asar, ya nuna maka kuloci da giya da totur, ya zauna a bayanka zagaye biyu uku, ya dira. In ka iya tashi babur bai mutu ba, ka iya juyawa ba ka sa ƙafa a ƙasa ba, shi ke nan an yaye ka. Washegari kana Ƙofar Ƙaura tsakanin tireloli da 'yan Keke Napep, har da goyo a baya.

Abin da ka koya a filin nan tafiyar da babur ne kawai, kuma wannan ko yaro ɗan shekara goma zai iya. Abin da ke kai mutane gadon asibiti daban ne: yadda za ka tsaya, yadda za ka ga abin da ke zuwa, da yadda za ka sa a gan ka. Ba wanda ya koya mana su, domin shi ma mai koyarwar ba a koya masa ba.

Ɗauki birkin gaba. Kusan kowane majalisi za ka ji ana cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, har wasu na sa bakanike ya sassauta shi ko a bar shi ya mutu. Alhali duk lokacin da ka ja birki nauyin babur da naka gaba yake komawa, tayar gaba ce ke manne wa kwalta, ta baya kuwa sai ta yi sakayau. Shi ya sa masu koyar da tuƙi ke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a gaba yake. Mai taka na baya kaɗai, ranar da yaro ya ɓullo daga lungu, tayarsa za ta kulle ta ja shi a ƙasa har inda yaron yake. Gaskiya ne na gaba na kayarwa, amma sai an damƙe shi farat ɗaya, ko an ja shi cikin kwana, ko a kan yashin nan da ke kwance a gefen titunanmu rani da damina. Matsa shi ake yi sannu a hankali, tare da na baya, ana ƙara ƙarfi. Karantawa ba ta isa ba, sai hannu ya saba, kuma ba a tsakiyar titi ake sabawa ba.

Sai gudu. Mai tafiya a kilomita 60 cikin awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wato kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, ya wuce tsawon babbar mota. In ka ninka gudunka, nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake yi ba, huɗu ne. Mai ficewa hanyar Daura ko ta Dutsin-ma yana murza totur har ƙarshe bai san wannan lissafin ba, akuyar da za ta tsallaka ma ba ta sani ba.

Madubi kuwa abin takaici ne. Ana fito da babur daga kwali, aikin farko shi ne a kwance madubai, wai sun sa shi ya yi kama da na tsofaffi. Daga nan mutum ya riƙa karya kwana da ƙaddara, ba sigina, ba waiwaye. Ko da madubin ma akwai gefen da ba ya nunawa, dole sai ka juya kai ka duba kafaɗarka kafin ka canja hannu. Direban tanka shi ma yana da wuraren da ba ya ganin kowa, a gefensa da dab da gabansa, kuma idan zai sha kwana tayoyin baya suna yanko ciki. Duk wanda ya kutsa tsakanin tirela da bakin kwalbati a shataletale don ya riga kowa, ya sa kansa inda direban bai san da shi ba.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane cewa ba za a bar wannan ga yayye da abokai ba. A Birtaniya, tun shekarar 1990, sabon mahayin babur ba ya hawa titi sai ya yi horon dole da suke kira CBT. Ana fara gwada idonsa, ya karanta lambar mota daga nisan mita 20. A yi masa bayanin hular kwano da suturar kariya, a koya masa sarrafa babur a killataccen fili, tashi da tsayawa da birkin gaggawa, sannan malami ya bi shi kan titi aƙalla awa 2 yana kallon yadda yake yi. Yawanci yini guda ne, kuma kuɗin yakan haura fam 100. Takardar da za a ba shi shekara 2 take yi. Da ita ba zai hau babur da girman injinsa ya wuce 125cc ba, ba zai hau babbar hanya ta gudu ba, kuma ba zai ɗauki goyo ba. Ku sake karanta wannan na ƙarshen. Abin da suka hana sabon mahayi har sai ya ci cikakkiyar jarrabawa, shi ne sana'ar da mu muke farawa da ita a makon farko.

Mu ma ba a rasa doka ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana nan tun 1988, lasin babur yana da rukuninsa, rukunin A, kuma sai mai shekara 18. Ku tambayi junanku a tasha mutum nawa ne ke da shi. Ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta hular kwano a faɗin ƙasar nan. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna wasu har ƙwarya suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai, ga kuma jita-jitar da aka baza cewa ana tsafi da hular fasinja. Ba a jima ba dokar ta bi ruwa. Abin da ya kashe ta shi ne an kawo tara ba a kawo ilmi ba. Da an zaunar da mutane an nuna musu cewa bincike ya tabbatar hular kirki, da aka ɗaure ta daidai, na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, ta rage na mummunan rauni a kai da kusan kashi 70, da ba a yi mata kallon kayan tsoron ɗan sanda ba.

Na san abin da za ku ce, kuma ban raina shi ba. Kuɗi. Boxer sabo ya haura naira miliyan ɗaya, fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 bai sake saukowa inda yake ba, mai babur yana jiran balas ɗinsa kowace yamma ko ka samu ko ba ka samu ba. Yinin da ka tafi koyon tuƙi, ga kuɗin malami, ga kuɗin cefanen da ba ka nemo ba. Akwai kuma tsoron da ya fi wannan, wanda ni ma ina da shi: a ce horo dole ne, sai ya rikiɗe ya zama takardar da ake saye ta bayan fage, talaka ya biya, bai koyi komai ba, a samu sabon abin tare shi a hanya. In haka za a yi gara a bari. Kuma ba na yi muku alkawarin cewa wanda aka horar ba zai faɗi ba. Wani ma horon kan sa shi jin ya gama ƙwarewa.

Duk da haka ina goyon bayan a wajabta shi, domin na ga yadda ɗaya lissafin yake. Karayar cinya watanni take kwantar da mutum. A fara da maɗori, in abin ya ƙi a wuce asibitin ƙashi na Dala a Kano, a sayar da babur ɗin, a sayar da akuyoyin Inna, wani lokacin har gona. Mai babur bai yafe kuɗinsa ba, amarya tana ɗaki da ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya a duniya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku ne ke nan, da ƙannenku da kuke jerawa uku huɗu a kan tanki zuwa Islamiyya.

Kada kuma wani ya ce mini ai komai ƙaddara ce. Mun yi imani da ita. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Fasinjan da ya hau bayanka amana ce, bai tambaye ka yaushe ka koya ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara, wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba ya yi azumin wata biyu a jere. To ina ga wanda ya san bai iya ba ya ɗauki matar mutane da jaririnta, ko masu tayar da ƙura a rakiyar ango, ana ɗaga tayar gaba ana sakin hannu a cikin unguwa?

Ba sai kun jira gwamnati ba. Kowace tasha tana da shugabanni da ke karɓar kuɗin ƙungiya kullum. Ku matsa musu su gayyato jami'an FRSC, a samu fili rana ɗaya a wata, a jera duwatsu ko tsofaffin tayoyi, a gwada kowane sabon shiga birkin gaggawa da kwana da waiwaye kafin a ba shi riga da lamba. In an raba kuɗin a kan mutum hamsin ba zai fi ƙarfin kowa ba. Wanda ya kasa a mayar da shi ya sake, ko ɗan shugaban tasha ne. Iyayenmu kuma masu miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu makulli ya je niƙa ko sayen ƙanƙara, Baba, Allah Ya ƙara girma, yaron nan ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa, sai ya jingina da dakali yake iya sauka.