Kwaɗo biyu a ƙofar ofishi ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranar Litinin na raka 'yata makaranta don in ji inda aka kwana a kan rajistar jarrabawarsu ta WAEC. Na tarar da ofishin shugaban makaranta a garƙame da kwaɗo biyu: tsohon da muka sani, da wani sabo fil da aka liƙa a samansa. A jikin get an manna takarda mai hatimin kotu, iskar hunturu har ta fara ɓanɓare gefenta. Maigadi, dattijon da ya fi shekara goma a wurin, ya ce da ni cikin sanyin murya: "Malam, ni yanzu ban san wa zan buɗe wa ƙofa ba."

Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Makaranta ce ta al'umma a nan Zariya, da taro da sisin mutanen unguwa aka gina ta. Tsohon shugaba ya ajiye aiki, kwamitin amintattu ya naɗa wani, wasu suka ce mataimaki ne ya cancanta kuma ba a bi tsarin mulkin makarantar ba. Aka garzaya kotu, aka samo odar wucin gadi. Kafin magariba saƙo ya cika WhatsApp: "Alhamdu lillahi, kotu ta tabbatar da gaskiyarmu."

Wannan jumlar ce ta hana ni barci, domin ba gaskiya ba ce, kuma an jingina ta da hamdala.

'Yan uwa, umarnin wucin gadi ba hukunci ba ne. Sau da yawa ɓangare ɗaya kaɗai alƙali ya saurara. Lauya ya shigar da takardar rantsuwa, ya ce lamarin na gaggawa ne, in an jira za a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Sai alƙali ya ce kowa ya tsaya inda yake har a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Irin wannan oda 'yan kwanaki ce, a ƙa'idojin kotuna da yawa mako ɗaya ko biyu. Mai nemanta ma sai ya ɗauki alkawarin biyan diyya in ta bayyana bai kamata a ba shi ba. Tun 1989, a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya, Kotun Ƙoli ta ja kunne cewa kada a riƙa bayar da ita sai gaggawar ta tabbata. Bayanta akwai wata odar da ake bayarwa in an ji kowa, ita ma riƙon ƙwarya ce har a gama shari'a. Shari'a kuwa mace ce mai ciki, ba wanda ya san abin da za ta haifa.

To mu ɗauka ma an kai ƙarshe, an yanke hukunci, ka yi nasara. Uwar Muminai Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, ta yiwu wani ya fi wani iya tsara hujja sai ya yi masa hukunci bisa abin da ya ji. Wanda duk aka yanka wa wani abu na haƙƙin ɗan uwansa, kada ya karɓa, yankin wuta ne aka yanka masa. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Ku tsaya ku yi tunani. Hukuncin fiyayyen halitta ke nan, bai halatta wa mai ƙarya abin da ba nasa ba. Ina ga takardar kwana bakwai da aka samo a bayan idon abokin shari'a? Wanda ya sa hannu a takardar rantsuwa, ya ɓoye abin da ya san in alƙali ya ji ba zai ba da odar ba, ya sani da sunan Allah ya rantse. Lauya ya karɓi kuɗinsa ya tafi, rantsuwar tana nan a wuyan mai ita.

Ku kuma da odar ta faɗa a kanku, ban wanke ku ba. Sabon kwaɗon nan naku ne. An ce a dakata, kun ce ba ku san zancen ba, kuna wasan ɓuya da masinjan kotu, har ana raɗe-raɗin tara matasa su tsare ƙofa. Raina kotu laifi ne da yake kai mutum gidan yari. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin mulkin soja ta Legas a shari'arta da Ojukwu saboda ta yi amfani da ƙarfi a kan abin da ke gaban kotu. In kuna ganin an zalunce ku, hanya a buɗe take: ku koma gaban alƙalin, ku nemi ya janye odar. Ɗaliban da kuke koya wa ladabi suna kallon ku ta taga.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda kujerar ta yi zaƙi a idon malamai guda biyu, waɗanda kowannensu ya karantar da hadisin Abdurrahman ɗan Samura: kada ka nemi shugabanci, in an ba ka don ka nema za a bar ka da shi, in an ba ka ba tare da nema ba za a taimake ka. Abu Zarri, da duk tsoron Allahnsa, da ya nemi a ba shi aiki sai Manzon Allah ya dafa kafaɗarsa ya ce masa amana ce, kuma ranar ƙiyama wulaƙanci ce da nadama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa.

Kwamiti ma su binciki zukatansu. In kun naɗa mutum don ɗan gidan wane ne, ko don ra'ayinku ɗaya a wajen karatu, kun ha'inci amanar da Allah ya yi umarni a mayar wa masu ita a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i.

Yanzu banki ya dakatar da asusun makaranta saboda ɓangarori biyu sun kai sunayen masu sa hannu daban-daban. Malamai sun shiga wata na biyu babu albashi. Akwai malamar lissafi da take zuwa daga Samaru, na ga ta sauka daga Keke Napep tana ƙirga canji a tafin hannu, sannan ta shiga aji ta yi darasinta kamar ba komai. 'Yan ajin ƙarshe kuwa ba wanda zai sa hannu a takardunsu. Hukumar jarrabawa ba ta jiran a dawo zaman kotu. In an rufe rajista, shekara guda ta tafi daga rayuwar yaro, kuma a cikinsu akwai 'yan matan da in suka zauna a gida shekarar nan, karatun ya ƙare ke nan. Wace kotu ce za ta biya su diyya?

A garin da Kwalejin Barewa take tun 1949, garin da ake karantar da shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, bai kamata a ce mun rasa dattawa biyar da za su zaunar da malamai biyu a zaure ɗaya ba. Allah ya ce "was sulhu khair", wato sulhu alheri ne, kuma alƙali ba ya ƙin sulhu. In an daidaita a gida, rubutawa ake yi a kai masa, ya mayar da shi hukuncin kotu. Sayyidina Hasan ɗan Ali, a shekara ta 41 bayan hijira, da mubaya'a a wuyan dubban mutane da runduna a bayansa, ya sauka daga halifanci don kada jinin Musulmi ya zuba. Kakansa ya riga ya kira shi shugaba a kan mumbari saboda wannan sulhun. Halifanci fa ya bari, ba ofis mai teburi ɗaya da fanka ba.

Roƙona ga malaman nan biyu, don girman Allah: kafin ranar komawa kotu, ku amince da mutum na uku daga cikin tsofaffin malamai ya riƙe na wucin gadi, ya sa hannu a rajistar yara, a buɗe asusu a biya albashi. Mu iyaye mun shirya zama ranar Asabar bayan la'asar a masallacin unguwa, liman ya yarda zai jagoranta. Kowa ya taho da makullin kwaɗonsa.