Fushin da muke yi da fim ɗin Cuties ya bar jaki yana dukan taiki

Makon jiya aka sake tayar da zancen a zauren WhatsApp na iyayen makarantar 'yata. Wata baiwar Allah ta turo guntun bidiyo, yara mata a kan dandamali suna wata irin rawa da ba zan siffanta ba, ta rubuta a ƙasa cewa kowa ya goge Netflix, manhajar kallon fina-finai, daga wayarsa. Kafin la'asar bidiyon ya shiga zaure uku da nake ciki. Da gani ɗaya na gane shi. Daga fim ɗin Cuties aka yanko shi, wanda ya tayar da ƙura a 2020. Na kalle shi a wancan lokacin tun daga farko har ƙarshe, ni kaɗai bayan yara sun yi barci, domin na gaji da tsine wa abin da ban gani da idona ba.

'Yan uwa, ku ba ni aron kunnuwanku, maganar ta daɗe tana ci na.

Wadda ta shirya fim ɗin sunanta Maïmouna Doucouré, haifaffiyar Paris, iyayenta 'yan Senegal ne, kuma a gidan mace fiye da ɗaya ta tashi. Labarin na wata yarinya ne mai suna Amy, 'yar shekara 11, Musulma, da ke zaune da mahaifiyarta a wata unguwar talakawa ta Paris. Mahaifinta ya tafi gida zai ƙaro aure. Akwai wurin da yarinyar ta ɓuya a ƙarƙashin gado, tana jin uwarta tana buga waya tana sanar da dangi auren da murya mai daɗi, da ta ajiye wayar sai ta fashe da kuka. Wallahi a nan na dakatar da fim ɗin na yi shiru, don duk macen da ta tashi a garuruwanmu ta san irin wannan kukan. Daga nan yarinyar ta saci waya, ta faɗa cikin wasu ƙawaye masu rawa, ta fara kwaikwayon abin da take gani manyan mata suna yi a intanet, tana ƙirga masu danna mata alamar so. A ƙarshe tana tsakiyar rawa a gaban jama'a hawaye suka zubo mata, ta sauka ta ruga gida wurin uwarta.

Doucouré ta ce ta yi fim ɗin ne don ta nuna yadda kafafen sada zumunta ke girmar da yara mata kafin lokacinsu, kuma ta shafe sama da shekara tana hira da yara kafin ta rubuta labarin. Na yarda da niyyarta. A farkon 2020 ta ci kyautar ba da umarni a bikin fina-finai na Sundance a Amurka, ba a ji wani ya ɗaga murya ba. A watan Agusta aka nuna shi a sinimomin Faransa, hoton tallarsa yara ne riƙe da jakunkunan sayayya suna tsalle a kan titi.

Wutar ta tashi ne ranar da Netflix ya fitar da nasa hoton tallar. Ya ajiye na Faransa gefe, ya zaɓo yaran cikin kayan rawa masu bayyana jiki, kowace ta yi wata irin tsayuwa. Mutane suka fusata, kuma suna da gaskiya. Kamfanin ya ba da haƙuri ya cire hoton, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da fim ɗin ya hau manhajar ranar 9 ga Satumba, sai kiran a ƙaurace wa Netflix ya cika Twitter. Dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu a takardun koke. Sanata Ted Cruz ya rubuta wa ma'aikatar shari'a ta Amurka yana neman a yi bincike. A gundumar Tyler ta jihar Texas har tuhumar kamfanin aka yi, kafin daga baya kotun tarayya ta dakatar da shari'ar. Turkiyya ta ba da umarnin a cire shi a ƙasarta, aka cire.

Ni dai ina cikin masu ganin fim ɗin ya yi laifi. Kyamarar ta daɗe a jikin yaran nan fiye da yadda labarin yake buƙata. Waɗannan 'ya'yan mutane ne na gaske, aka koya musu rawar, aka sa su maimaita ta, aka ɗauka daga kusa. Mai son nuna illar wuta ba sai ya tura hannun yaro a cikinta ba. Da an nuna mana fuskokin 'yan kallo, da an nuna fuskar yarinyar kawai, da saƙon ya isa. Kyakkyawar niyya ba ta goge hoton da yanzu yake yawo a wayoyin mutanen da Allah kaɗai ya san zuciyarsu.

Amma ku duba inda fushin ya sauka. Doucouré ta ce an yi ta aiko mata da barazanar kisa, alhali ba ita ta zaɓi hoton tallar ba, ba ta ma gan shi ba sai da ya bazu. Kamfanin da ya zaɓa kuwa, fim ɗin ya shiga jerin goma da aka fi kalla a manhajarsa a Amurka, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da masu biyan kuɗinsa suka haura miliyan 200. Duk wanda ya yanki bidiyon rawar ya watsa da sunan Allah wadai, ya kai shi inda fim ɗin kansa ba zai taɓa kaiwa ba. Abin da ya faru a zaurenmu ke nan makon jiya. Iyaye mata da hannunsu suka sauke rawar nan a wayoyin da yaransu ke ɗauka su yi wasa da su kullum da yamma.

Kamfanonin nan ba ihu suke ji ba, lissafi suke yi. A Brazil, ƙarshen 2019, wata ƙungiyar 'yan barkwanci mai suna Porta dos Fundos ta yi fim ɗin da ya ci mutuncin Annabi Isa, alaihis salam. Miliyoyin Kiristoci suka yi koke, wasu suka jefa wa ofishin ƙungiyar kwalaben fetur a jajibirin Kirsimeti, wani alƙali ya ce a cire fim ɗin, kotun ƙoli ta soke umarninsa, fim ya ci gaba da zamansa a Netflix. A Indiya kuwa, Janairun 2024, ƙungiyoyin Hindu suka kai ƙara kan fim ɗin Annapoorani, labarin 'yar gidan malaman addininsu da ke dafa nama, cikin 'yan kwanaki ya ɓace daga Netflix, tauraruwar fim ɗin ma ta fito ta nemi gafara. Inda suka ga kasuwarsu ko lasisinsu zai taɓu, nan take suke rusunawa. Inda zagi ne kawai a intanet, talla ce kyauta ta same su.

Shi ya sa idan har za mu yi fushi, mu yi shi ta hanyar da za ta taɓa su. Wanda yake biyan kuɗin wata ya daina biya, ya rubuta musu dalilinsa. Wanda zai ci gaba da amfani da manhajar ya buɗe wa yara sashensu daban, ya kulle na manya da lambar sirri, abin ba ya cin minti biyar. Kada kuma a sake tura guntun bidiyon ga kowa, ko da an rubuta innalillahi a samansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, rawar da muke tsine wa a fim ɗin ba daga Faransa za ta zo mana ba, tana nan tare da mu. Tana TikTok, tana cikin wayar yayarsu da ta ƙanwar babansu. Watan da ya wuce na je wani biki, bayan magariba mai kiɗa ya saki sauti, aka ja wata yarinya da ba ta wuce shekara 9 ba zuwa tsakiyar fili. Abin da ta yi da jikinta bai bambanta da na bidiyon nan ba. Manyan mata suka kewaye ta suna guɗa, ana yi mata liƙi, wayoyi kusan goma a sama suna ɗauka. Na je na kama hannunta na fito da ita daga filin, na ce ta zo ta sha ruwa. Wata daga cikin dangin amarya ta biyo ni ta ce, "Haba Hajiya, yarinya ce fa, wasa take yi." Na ce mata ai don yarinya ce na fito da ita. Ta juya ta koma fili, kafin in zauna an riga an jawo wata.