Motar gas da ka tarar da injinta da zafi, kada ka saya

Don Allah ku daina cewa tsautsayi ne. Tun jiya nake karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton motar nan da ta mutu tsakanin Maiyama da Koko da mata da yara a ciki, kowa sai "haka mota take, ba ta da tabbas". Ba haka mota take ba. Cutar bawan Allah nan aka yi, kuma wanda ya sayar masa ya san abin da ya sayar. Dattijo ya ƙare aikin koyarwa, ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya ce bari ya hutar da iyali wahalar tasha, aka ce masa ya zo bayan azahar ya ga mota. Ya je ya tarar da ita a kunne, an wanke inji yana ƙyalli, sanyi na busawa a ciki. Tun a nan aka gama da shi.

Motar gas, wato mai shan dizal, ba a duba ta da zafi. Zan faɗa in sake faɗa har ku gaji da ni. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da wuta irin na motar fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa. In ringi ya cinye, ko nozul mai fesa mai cikin inji ya gaji, ko hitar da ke ɗumama inji kafin ya tashi ta mutu, da sanyin safiya ne asirin ke tonuwa. Da zarar an bar shi ya yi rabin awa yana aiki, ƙarfe ya buɗe, mai ya zagaya, injin da ke kan hanyar kabari ma sai ya yi maka murya mai daɗi. Duk dillalin da ya daɗe a harkar ya san wannan, shi ya sa kullum lokacin da ya dace da shi shi ne rana tsaka.

Ka ce masa bayan sallar asuba za ka zo, kuma kada kowa ya taɓa makulli. Kana isa, kafin gaisuwa ta yi nisa, ka buɗe bonet ka ɗora tafin hannunka a kan inji. In ka ji ɗumi, ka yi sallama ka koma gida. Kada ka tsaya jin "yaro ne ya matsar da ita don a yi shara". In kuwa sanyi ƙalau ne, to ka murɗa makulli rabi, kada ka tayar. Ka kalli fitilun dashbod. Dole dukansu su kama, har da ta inji da ta mai da 'yar murɗaɗɗiyar nan ta hita, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Fitilar da ba ta kama ba sam, ba lafiya ce ta hana ta ba, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta daga ciki. Da idona na ga bakanike ya ɓalle gilashin mita ya ɓanɓaro ɗan baƙin salatif daga kan fitilar inji, ya miƙa wa mai motar a tafin hannu ya ce, "Alhaji, ga abin da ka biya kuɗi kansa."

Sannan a tayar, kai kuma ka tsaya a baya wajen salansa. Lafiyayyen inji bugu ɗaya yake tashi ya zauna daidai. Wanda sai an yi ta jan kik, ya tashi yana tari yana girgiza motar, ya riga ya gaya maka halinsa. Hayaƙi shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, ko ta ringi ko ta turbo. Baƙi mai kauri in an taka, nozul ne ke zubar da gas fiye da ƙima ko iska ba ta isa. Fari da ya ƙi yankewa bayan inji ya ɗumama, ka fara zargin gaskit, ruwan lagireto na shiga inda bai kamata ba. Yana cikin aiki ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In ya yi ta tsalle, hayaƙi na fesowa, inji ya gaji. Ka juya murfin ka duba cikinsa, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri, ruwa ya haɗu da mai. Duk wannan bai kai minti goma ba, kuma ko sisi ba a biya.

Wani ya rubuto min wai ai gas dama da hayaƙi aka san shi. Tsohuwar roka mai ɗaukar shinkafa daga Suru, eh. Amma Peugeot 407 da Zafira da Avensis da Sharan ɗin baya-bayan nan da ake kawo mana ba irin wancan injin ba ne. Kwamfuta ke sarrafa su, kuma famfonsu na tura mai da ƙarfin da ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan ke iya kashe nozul. Tun daga 2009 dokar Turai ta sa kusan kowace sabuwar motar dizal sai da matatar toka a cikin salansa, wadda bakanikai ke kira DPF. Matatar nan ba ta wanke kanta sai mota ta yi doguwar tafiya da gudu ta yi zafi sosai. Kai kuma tafiyarka duk a Birnin Kebbi ce, daga Badariya zuwa makarantar yara, daga nan sakatariya a Gwadangaji, da yamma kasuwa. Toshewa za ta yi, ƙarfi ya ragu, fitila ta kama. Ga kuma man: na Turai sinadarin sulfa da ke ciki bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa mun shafe shekaru dokarmu tana yarda da har 3,000. Ba a maganar na galan ɗin 'yan bumburutu da ba ka san abin da ya kwana a cikinsa ba. Ka sa yatsa a bakin salansa. In motar mai matata ce kuma yatsanka ya fito baƙi ƙirin, ko an fasa matatar an zubar ko ta lalace, kuma mai sayarwa bai gaya maka ba.

Wai kuma ai dillalin mutumin kirki ne, sahu ɗaya ake sallah da shi, kunya ba za ta bari a ce masa sai da asuba ba. Wace kunya? Ragon layya ma sai ka buɗe bakinsa ka tashe shi tsaye ka ga tafiyarsa, ba wanda ya ce ka zagi mai rago. Mai gaskiya ba ya jin haushin a duba kayansa, shi zai ma miƙo maka makulli tun daren ka kwana da shi. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Tayar da inji tun da hantsi don a ɓoye ciwonsa algus ne, ko da an yi shi da carbi a hannu. Ina faɗar wannan da zafi ne don na san irin mutanen da ake yi wa: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, zawarawan da aka raba musu gado. Mutanen da ba za su sake tara irin wannan kuɗin ba har su koma ga Allah.

Masu cewa tsadar fetur ce ta kora mutane, na ji. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ke neman mafita, kuma gaskiya ne litar gas ta fi nisa a hanya. Amma shi gas an daɗe da sakin farashinsa, kuma yawanci ya fi fetur tsada a gidan mai. Abin da ka tara na rara a shekara, gyaran famfo ɗaya zai haɗiye shi. In aikinka Birnin Kebbi zuwa Yawuri ko Zuru ne kowane mako, saye ka more, amma da sanyin safiya za ka duba ta.

Sauran abubuwan ku kun san su. Kada ka yarda da lambar mita, juya ta ake yi, ka kalli cinyewar feda da sitiyari da kujerar direba. Ka hau da kanka har Kalgo ka dawo, ka saurari turbo ko tana kuka, ka ji ko kuloci na karkarwa wajen tashi. Tayimin bel ka canza shi ranar da ka saya, kada ka saurari "ba a daɗe da sawa ba". Takardun kwastam kuma ka tantance su, don a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma ga mu a bakin Kamba da Lolo. Bakanike kuwa naka za ka kawo, wanda ya san gas, ba wanda dillali ya kira maka ba, don shi ma yana da kasonsa a la'ada.

Shi kansa bakaniken gas ɗin abin a zauna a yi magana ne. Jihar Kebbi da ke tinƙaho da noman shinkafa, taraktocinmu da manyan janaretoci da injinan casa duk gas suke sha, amma sau da yawa in nozul na zamani ya samu matsala sai an ƙulle shi a leda an ba direban Kano ko Kaduna, a zauna jira. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'a a Aliero, ga yara cike da gareji masu kaifin ƙwaƙwalwa da ba su taɓa riƙe na'urar gwajin nozul ba. Masu kuɗinmu da ke ta gina gidajen mai a kowace kwana, mutum ɗaya a cikinku ya sayo injin gwajin nan ya ajiye a Jega, ya ɗauki yara goma ya tura su koyo.